Shuɗin Bangon Baya

Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Inna ce dai take yi mata tsiya idan hadari ya haɗo, amma bakinta ƙalau yake, jiya ma sai da ta wanke ni tas wai na bar garin katako a tsakar gida. Ta ce in gaya miki man shafawar da kika aiko yana aiki. Ta kuma ce duk maganar da ke da nauyi kada a yi ta a waya, don waya iska ce, takarda kuwa tana iya sa ta ƙarƙashin matashi ta sa a sake karanta mata. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Direba ya kawo miki tunda garinku kan hanyarsa yake.

Yaya, na buɗe shagon Baba. Shekara shida ke nan tun rasuwarsa ban sa makulli a ƙofar nan ba, sai mako biyu da suka wuce da na buƙaci dogon tsaninsa. Komai na nan yadda ya bar shi. Gwangwanayen fenti a jere, buroshi sun sandare a cikin kwalba, ga wani allon shago da ya fara rubutawa, ya kai "MUNA SAYAR DA" ya tsaya. Ga kuma bangon baya inda yake goge buroshi idan ya gama aiki, launi kan launi na shekara arba'in, har bangon ya yi kauri.

Na bar ƙofar a buɗe don iska ta shiga, sai ga Malam ya zo wucewa. Ba ki san shi ba, shi ne malamin zanen da aka kawo firamare a zamaninmu, lokacin kin daɗe da tafiya makarantar kwana. Ya yi ritaya shekara tara da suka wuce, kuma tun daga ranar ba a kawo wani ba, an cire zane daga jadawali gaba ɗaya. Ya leƙo, ya shigo, ya zaro guntun alli daga aljihu ya zana tsanin nan a ƙasa muna hira. Yara suka taso daga makaranta suka gan shi. Kafin in ankara su goma sha biyu ne a durƙushe, kowa na roƙon a ba shi allin. Waɗannan su ne yaran da kullum ake bi da bulala don sun ɓata wa mutane bango da gawayi. A duk unguwar nan babu wuri ko ɗaya da za a miƙa wa yaro takarda a ce masa zana.

Ranar Asabar da ta biyo baya ba yara kaɗai suka zo ba. Telar bakin layi ta zo, wai shekara goma tana kwaikwayon ɗinkin wasu, tana so ta iya zana nata. Makanike ya zo da wani doki da ya haɗa da tsofaffin ƙarafan babur, yana ɓoye shi a buhu kamar kayan sata. Sannan Inna ta zo da sandarta, ta ce ta zo duba ko ana ɓarna ne, ta kuma zauna awa biyu da fensir a hannu.

To ga maganar. Kwamitin unguwa ya yarda a mai da shagon ɗakin koyon zane da aikin hannu na kowa da kowa. Malam zai koyar, ni zan haɗa bencina da tebura. Amma ba za su karɓa ba sai duk magada sun amince a rubuce. Inna ta dangwala yatsa, ni na sa hannu, saura ke. Na san kin riga kin yi wa mai taya alkawarin zai karɓi makulli ƙarshen watan gobe ya zuba kayansa. Ina roƙon ki ki sake tunani. Takardar amincewar tana cikin ambulan ɗin nan.

Ki gaida maigida da yara.

Ƙaninki,
Auta


Laraba

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso da tabon baƙin mai a gefe, shaidar ta bi ta hannun Direba. Muna lafiya. Wuyana ne kawai ke ƙagewa saboda sunkuyo a kan tebur, likita ya ce in riƙa miƙewa duk bayan awa ɗaya, ni kuwa na ce masa ya zo ya gaya wa shugaban ofishinmu. Ka ce wa Inna ta riƙa shafa man sau biyu a rana, ba sau ɗaya don kada ya ƙare ba. Na san halinta.

Kai dai ba za ka girma ba. An aike ka ɗauko tsani, ka dawo da makaranta. Na karanta wa maigida wurin dokin makanike, ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Amma amsata a'a ce. Kada ka manta ni ma zane nake yi. Shekara ashirin da huɗu ina ofishin safiyo ina zana iyakokin filayen mutane, daga wannan dutse zuwa wancan, da rula, layi a miƙe. Wannan shi ne zanen da ke sa tukunya a wuta. Yaran nan idan kuna son su da alheri ku zaunar da su ku koya musu lissafi. Abu ne mai sauƙi ka sa yaro ya so abu da dukan zuciyarsa. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda yake ji ranar da wanda ya fi yarda da shi ya nuna masa bai iya ba. Kai da Malam za ku tashi ku tafi gida, shi ne zai zauna da abin.

Kuma na riga na ba mai taya magana, ni ba na magana biyu. Mutumin kirki ne, ya ɗauki gawar Baba da mu. Takardar kwamitinku na sa ta a aljihun tebur, ban sa hannu ba. Ku ci gaba da wasanku zuwa ƙarshen watan gobe, ban hana ba, tunda har Inna ta samu abin da ke fitar da ita daga ɗaki.

Abu ɗaya kawai. Kafin ka miƙa makullin, ka san yadda za ka yi da shuɗin nan mai kusurwa huɗu da ke bangon baya, daidai ƙasan taga. Ba abin da za a bar wa baƙo ba ne.

Ka gaida matarka, ka ce mata na gode da zanin.

Yayarka


Lahadi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya. Inna ta ce ba ruwanki da yadda take shafa manta, gwiwar tata ce. Matata na amsawa.

Na karanta takardarki sau uku. A karon farko jikina ya yi sanyi. A na uku kuwa bakina har kunne, don na gano ki. Kin cika shafi guda da a'a, layin ƙarshe ya tona ki. Wanda ba ruwansa da shagon nan ba zai tuna da wani shuɗi a ƙasan taga ba bayan shekara talatin da wani abu. Ni da nake garin ban taɓa lura da shi ba sai da kika faɗa. Na je na duba, ga shi kuwa, shuɗi tas, girmansa kamar faifai biyu, kuma shi kaɗai ne wurin da Baba bai taɓa goga buroshi a kai ba. Ya goga a dama, ya goga a hagu, har fenti ya taru a gefunansa ya yi tudu, amma tsakiyar ko ɗigo babu.

Kin ce in san yadda zan yi da shi, to na yi. Na zaɓo mafi kyawun katakon da nake da shi, wanda nake ajiye wa ƙofar ɗakina, na zagaye shi da shi, na goge, na shafa mai. Yanzu duk wanda ya shigo shi yake fara gani. Abu ɗaya ne ya ɗan dame ni, da nake buga ƙusa na ji wurin yana amsawa kamar ganga. Ina jin filastar ce ta fara saki, zan duba bayan damina.

Malam ya mai da shi darasi. Jiya ya zaunar da kowa a gabansa ya ce a faɗi abin da aka gani. Wata yarinya ta ce sama, wani ya ce rijiya, makanike ya ce shi dai fenti ya gani, kuma an shafa shi da kyau. Inna ta shigo ta tarar da mu, ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Yayarka ce ta ce a yi haka?” Na ce eh. Ta ce, “To, ashe ta sani.” Ta wuce bencinta ba ta ƙara komai ba, na tambaye ta me kika sani, ta ce in bar ta ta yi aikinta.

Aikin nata kuwa sai kin gani. Kaji take zanawa, kullum kaji, kuma duk kazar da ta zana da buta take kama. Malam ya ce mata kazar ta yi kyau sai dai ba ta da ƙafa, ta ce kwanci take yi. Tela ta zana wuyan riga na farko da ba ta kwaikwayi kowa ba, ta ɗinka, ta sa, tana ta yawo da shi a layi ba aiken kowa. Maƙwabcin nan namu mai faɗa, wanda ya fi kowa bin yara da bulala, shekaranjiya ya aiko da kujeru huɗu, wai bangon gidansa ya huta mako uku, bai taɓa ganin haka ba. Yanzu yara talatin da ɗaya ne, manya takwas. Mun raba su kashi biyu don ɗakin ba ya ɗauka.

Ba zan matsa miki ba. Na dai san inda zuciyarki take yanzu. Aljihun teburin nan ba shi da nisa da hannunki.

Auta


Alhamis

Auta,

Ina gaida ku. Muna lafiya, wuyan da sauƙi. Ka gaida Inna.

Na karanta abin da ka yi, na tashi daga tebur na shiga banɗakin ofis na yi kuka, ni da nake da 'ya a jami'a. Cewa na yi ka san yadda za ka yi da shi, ina nufin ka samo farin fenti ka shafe bangon nan duka, a huta. Kai kuma ka ɗauko katakon ƙofarka ka yi masa ado, ka tara unguwa a gabansa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma da na huce na ga ba laifinka ba ne, kana da shekara uku lokacin, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba. Bari in gaya maka sau ɗaya, kada ka ƙara tambaya ta.

Ina da shekara goma sha ɗaya babu abin da nake so a duniya kamar shagon nan. Ni ke wanke wa Baba buroshi. Ragowar fentin da ya maƙale a gindin gwangwani nake tarawa a murafen kwalba. Wata ranar Talata ya tafi rataye allo a wani kanti mai nisa, ya bar ni da shago. Na durƙusa a ƙasan taga na zana shi. Na zana shi daga baya, yana kan tsani, hannu a sama, fensir a bayan kunne, dunduniyarsa ɗaya ta fito daga takalmi yadda take yi kullum. Har facin da Inna ta yi masa a bayan wando na sa, da jan zaren da ta yi amfani da shi don baƙin ya ƙare. Wuni guda na yi, ban ci abinci ba. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, har yau.

Da ya dawo ya tsaya a bayana. Na jira. Ka san Baba da magana, sai ka ce sayen ta yake. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Je ki gida, uwarki na neman ki.” Shi ke nan.

Washegari da safe na rugo shagon. Daga bakin ƙofa na hango wurin. Shuɗi, ɗanye, yana sheƙi, shi kuma yana goge hannu da tsumma. Ban shiga ba. Na juya na koma gida, kwana biyu bayan nan aka kai ni makarantar kwana. Na ce a raina ko dai facin wandon ne ya ba shi kunya, ko kuma aikin ne bai kai a bar shi a bangon da ake goge buroshi ba. Na biyun na fi yarda da shi. Tun daga ranar ban sake taka cikin shagon ba, ko ranar rasuwarsa a ƙofa na tsaya. Kuma tun daga ranar ban ja layi ko ɗaya ba tare da rula ba.

Ina son Baba, ka sani, na kuma yafe masa tuntuni. Amma shi ya sa ba zan sa hannu ba. Ba na so wata yarinya ta durƙusa a ɗakin nan wuni guda, washegari ta tarar da shuɗi. Inna ta ce na sani, ƙwarai kuwa na sani, da idona na gani.

Ka cire katakonka, ka shafe bangon, ka ba mai taya makulli ranar da aka ce.

Yayarka


Litinin

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai dai Inna ta ɗan yi mura, ta warke.

Mako uku ke nan shiru. Na kira ki sau biyu, kika gaishe ni kamar baƙo, kika ce amsa tana cikin takarda kuma ba za ki maimaita ba. Wace takarda? Na tare Direba a tasha, ya rantse da girman Allah babu abin da ya rage a motarsa, har ya zazzage mini aljihunsa. Inna kullum sai ta tambaya, na fara ƙaryar cewa aiki ne ya yi miki yawa.

Idan wani abu na faɗa da ya ɓata miki rai, ki yafe mini. Na sake karanta abin da na rubuta a kaina, ban gano ba. Ko tsokanar aljihun tebur ce? Na janye.

Saura kwana tara wata ya ƙare. Mai taya ya zo jiya ya auna ƙofa, cikin mutunci, har ya tsaya ya kalli zanen yara ya ce wanda aka yi wa motar ɗaukar yashi ya yi kama. Ban gaya wa 'yan ajin komai ba, amma manyan sun gane. Tela ta tambaye ni ko za a iya yi a zauren wani, Malam ya ce ya gwada haka shekarun baya, mako biyu masu gida suka gaji da fenti a tabarma. Aikin nan yana son ɗaki nasa, inda za a bar zane ya bushe a dawo a same shi.

Maganarki ce gaba da tawa, ke ce babba. Idan ban ji daga gare ki ba zan kwashe bencina in miƙa makulli, ba kuma zan riƙe ki a zuciya ba. Amma zan ji zafi, gara in faɗa miki.

Auta


Juma'a

Yaya,

Lafiya lau muke, kowa da kowa, gaisuwar ke nan yau don akwai labari.

Takardarki ta fito. Direba ya kawo ta jiya da hantsi yana sosa ƙeya, ashe tana aljihun gaban mota ƙarƙashin takardun lasisi, sai da aka tsayar da shi a hanya aka ce ya nuna su sannan ta faɗo. Kamar kullum na zauna kusa da Inna na buɗe na fara karanta mata ban duba ba. Da na kai wurin tsanin sai na tsaya. Na ce mata sauran gaisuwa ce. Ta ce, “Ƙarya kake, karanta.” Na karanta har ƙarshe.

Inna ta ce, “Yanzu yarinyar nan shekara talatin da biyar tana yawo da wannan a ciki?” Ta share ido da bakin mayafi. Sai kuma ta fara dariya, hawaye na zuba tana dariya, har na tsorata. Ta ce, “Uban da 'yar duk jirgi ɗaya, ba mai buɗe baki. Miƙo mini sandata, kai kuma ɗauko filayarka.”

Muka tarar da ajin manya a shagon. Inna ta wuce kowa ta je gaban shuɗin ta ƙwanƙwasa shi da kan sanda. Ya amsa kamar ganga, yadda na gaya miki. Ta ce, “Kafintan banza, wannan ka ce filasta?” Na cire katakona, na kankare tudun fentin gefe da wuƙa, sai ga kan ƙusa. Takwas ne, duk fenti ya binne su. Yaya, ba bango Baba ya shafa ba. Falen kwano ne irin wanda yake rubuta wa shaguna, ya yanka daidai wurin, ya sa ƙananan katako a baya don kada ya taɓa bangon, ya buga, sannan ya shafa masa shuɗi.

Makanike ya kama gefe ɗaya na kama ɗaya muka sauke. Baba na nan a kan tsani. Fensir a bayan kunne, dunduniya a waje, faci da jan zare. Launin ko dishewa bai yi ba, kamar jiya kika tashi daga wurin. Ni da na manta yadda bayansa yake, na gan shi. Inna ta ce facin nata ya fi haka kyau.

Makanike ne ya ce mu juya kwanon. A cikinsa akwai rubutu, da irin haruffan da Baba ke yi wa manyan kantuna, masu inuwa a gefe, zinariya a kan baƙi:

AIKIN 'YATA. SHEKARARTA 11. TA FI NI.

Inna ta ba mu sauran. Ta ce ranar ya dawo gida ya kasa cin abinci, ya ce mata yarinyar nan tana da abin da shi ba shi da shi, shi haruffa kawai ya iya, idan ya koya mata zai lalata ta. Ya rufe zanen ne don nan yake goge buroshi, yana tsoron hannunsa ya manta. Bayan an kai ki makaranta ya rufe shago kwana huɗu, ya shiga mota yana bin garuruwa yana neman inda ake koya wa yara zane. Wuri ɗaya ya samu, mai nisan gaske, su ma sai wanda ya gama sakandare. Ya dawo ya ce ba zai gaya miki ba sai ya samo miki malami, don kada ya ɗaga miki rai a banza. Da kika dawo hutu kika ce warin fenti na sa ki ciwon kai, sai ya ɗauka son ya fita daga ranki, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ita kuma Inna duk zatonta kin san murfi ne.

Malam ya daɗe a durƙushe a gaban zanen. Da ya miƙe ya ce mini, “Da a ce akwai ɗaki irin wannan a unguwar nan a lokacin, da mahaifinku bai shiga mota ba, da hannunta kawai zai kama su tsallaka titi.”

Na ɗauko waya zan ɗauka miki hoto, Inna ta buge mini hannu, ta ce wanda ya yi aikin ya zo ya gani da idonsa. Saura kwana biyar. Ban kwashe benci ba, ban kuma shafe komai ba. Wannan karon na tsaya a kan Direba har ya sa takardar a aljihun rigarsa na gaba, na kuma maƙale ta da fil.

Ƙaninki,
Auta


Lahadi

Auta,

Wa alaikumus salam, ko da ka manta ka yi sallamar. Muna lafiya. Direba ya kawo takardar har ƙofar gida da fil ɗinta, ya ƙi zama, wai kunyata yake ji. Na tilasta masa ya ci abinci.

Ban san sau nawa na karanta ba. Maigida ya same ni a kicin ina kuka ina dariya, ya tambaye ni ko lafiya. Na nuna masa layin nan na haruffa manya, shi ma ya nemi kujera. Shekara talatin da biyar ina jin haushin shuɗi, ko labule ban taɓa saya shuɗi ba. Da na taka ƙafa uku cikin shagon nan a safiyar ranar, da na ga ƙusoshin. Ina farin ciki, Auta, farin cikin da ban san inda zan ajiye shi ba, kuma ina kewar Baba kamar yau ya rasu.

Mai taya na kira shi da kaina, tunda ni na ba shi magana. Na ba shi haƙuri na gaya masa dalili. Ya ce dama tun ranar da ya auna ƙofa jikinsa ya ba shi, kuma jikarsa tana cikin yara talatin da ɗayan nan, ita ce mai motar yashi. Ya samu wani wurin a bayan tasha.

Takardar kwamiti tana cikin ambulan, na sa hannu. Amma da sharaɗi guda, ka gaya wa Malam, ku rubuta shi a bango idan ya cancanta. Duk wanda ya yi zane a ɗakin nan, yaro ko babba, kada a bar shi ya tafi gida sai an buɗe baki an gaya masa abin da aka gani a aikinsa. Ko kazar Inna ce.

Kwanon kuma kada ka mayar da shi. Ka rataye shi a gefen zanen, rubutun yana kallon ɗaki. Katakon ƙofarka ka zagaye su da shi su biyun, wannan karon da izinina.

Za ka ga wata 'yar takarda a naɗe. Jiya na ɗauki fensir na zauna a gaban butar shayinmu. Hannuna ya yi ta neman abin da zai jingina da shi, layin ya fito a karkace, kuma ina jin butar da kaza ta yi kama. Ka nuna wa Inna, ta san ta samu abokiyar zama.

Na ɗauki hutun mako biyu, zan biyo Direba ranar Juma'a. Ka ajiye mini wuri a ajin masu farawa, bencin baya, kusa da taga. Rular na bar ta a ofis.

Yayarka